Tasirin Yanayi da Shimfiɗar Ƙasa a kan Ginin Gidan Rina

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkara ko a tsohon gari a ƙasar Hausa, da wuya a ce bai taɓa ɗaga kai a zaure ko a gindin rumbu ya yi ido biyu da gidan rina ba. Abu ne ɗan ƙarami mai launin toka, yana rataye da wani siririn mariƙi, bakunan ɗakunansa a buɗe, masu gidan kuwa suna zaune a kansa suna jiran wanda tsautsayi zai kawo. Abin da akasarin jama'a suka sani game da rina shi ne harbinta. Yara sukan jefe ta su ruga a guje, manya kuma sukan jira dare su sa mata wuta. Kaɗan ne suke tsayawa su tambayi dalilin da ya sa ta zaɓi wannan lungu ta bar wancan, ko dalilin da ya sa gidanta bai yi kama da na 'yan uwanta na wasu ƙasashe ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda zafi da sanyi, da ruwan sama, da tsawon damina, da bisan ƙasa suke juya ginin wannan ƙwaro. Za a ga cewa ainihin fasalin gidan bai cika sauyawa ba daga wannan nahiya zuwa waccan. Abin da ke sauyawa shi ne wurin da aka kafa shi, da inda ya fuskanta, da yawan kayan da aka zuba masa, da lokacin da aka fara shi, da tsawon zaman da za a yi a ciki. Za a ɗauki misalai daga Afirka da Turai da Asiya da nahiyar Amurka, domin sai an jera su kusa da juna bambancin yake fitowa fili.

2.0 Rina da Danginta

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a rarrabe tsakanin rina da wasu ƙwari da ake haɗa ta da su. Zanzaro, wanda Hausawa suka ari sunansa ga mai cusa riga cikin wando saboda siririn ƙugunsa, maginin laka ne, kuma shi kaɗai yake aikinsa. Macen takan gina ɗan tulu a jikin bango, ta cika shi da gizo-gizo ko tsutsar da ta sumar da harbi, ta yi ƙwai, ta liƙe, ta kama gabanta. Ƙudan zuma kuwa da kaki yake gina saƙarsa, kakin da ke fitowa daga jikinsa. Rina ta bambanta da su duka biyu, domin ita da takarda take gini, kuma zaman jama'a take yi: akwai uwargida mai yin ƙwai, akwai 'ya'yanta mata masu aikin gini da farauta da gadi.

Masana kimiyyar ƙwari sun karkasa masu ginin takarda zuwa jinsuna da yawa. Doguwar rinar nan mai duhun jiki da aka fi sani a Afirka kudu da Sahara tana cikin jinsin da suke kira Belonogaster. Akwai wani jinsi mai suna Polistes, wanda ke da iri sama da 200, ya kuma bazu kusan ko'ina a duniya in ban da wurare masu tsananin ƙanƙara. Waɗannan biyu duk gidan da ba shi da lulluɓi suke ginawa, watau faifai guda na ɗakuna rataye da mariƙi. Akwai kuma wasu jinsunan da ke kewaye ɗakunansu da bangon takarda, su bar ƙofa guda. Wannan bambanci na mai lulluɓi da marar lulluɓi zai yi ta dawowa a cikin bayanin da ke tafe.

3.0 Kayan Gini

Idan rina za ta yi gini, takan sauka a jikin busasshen itace, ko kara, ko dangar da rana da ruwa suka ci, ta kankare samansa da muƙamuƙanta. Abin da ta kankaro sai ta dunƙule shi, ta jiƙa da ruwan da ta ɗebo a cikinta tare da yawu, ta tauna har ya zama ƙullu. Daga nan ta koma gida, ta ɗora ƙullun a bakin ɗaki, ta riƙa ja da baya tana matsa shi har ya yi faɗi ya yi siriri. Da ya bushe ya zama takarda. Kowane ɗaki yana da kusurwa shida, yana kuma tarayya da maƙwabtansa a bango, wanda hakan ke rage yawan kayan da za a kashe. A kowane ɗaki ƙwai ɗaya uwargida take sawa.

Wannan sana'a ta daɗe tana ba mutane mamaki. A shekarar 1719 wani masani Bafaranshe mai suna Reaumur ya gaya wa majalisar masana kimiyya ta ƙasarsa cewa tun da rina tana yin takarda da itace, ɗan Adam ma zai iya. A zamaninsa da tsummokara ake yin takarda a Turai. Sai bayan fiye da shekara ɗari, a shekarun 1840, aka ƙera na'urar niƙa itace domin yin takarda a Jamus.

Abin lura a nan shi ne, ginin yana bukatar abu uku: zaren itace, da ruwa, da yawu. Zaren itace ya dogara ga irin tsirran da ke wurin, shi ya sa launin gidan da ƙwarinsa suke bambanta daga wuri zuwa wuri. Ruwa ya dogara ga damina ko kusancin rafi da rijiya. Yawu kuwa shi ne mafi tsada. Yana ɗauke da sinadarin gina jiki mai kama da na siliki, wanda idan ya bushe yake zama kamar fenti mai hana ruwa shiga. Rina ba ta samun wannan sinadari sai daga naman tsutsar da ta farauto, naman da 'ya'yanta ma suke jira. Ke nan duk yawun da ta shafa wa bango, daga bakin 'ya'yanta ta rage shi. Ta haka ne yanayin wuri yake shiga cikin ginin tun daga tushe.

4.0 Zafi da Sanyi

Ƙudan zuma yana iya riƙe ɗumin ɗakin 'ya'yansa a wajen digiri 35 na ma'aunin Salshiyas dare da rana, ta hanyar taruwa da karkaɗa tsokar fukafukai. Rina mai buɗaɗɗen gida ba ta da wannan iko. Yawanta bai kai ba, gidanta kuma ba shi da bangon da zai tsare ɗumi. Ga shi kuwa girman 'ya'yanta ya rataya ne a kan ɗumi: daga ƙwai zuwa fitowar cikakkiyar rina yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu, gwargwadon zafin wurin. Sanyi yana jinkirta su, zafi mai tsanani kuma yana kashe su. Tun da ba ta iya hura wuta, dabarar da ta rage mata ita ce zaɓen wuri.

Misali mafi bayyana ya fito ne daga Turai. A duwatsun Alfs akwai wata irin Polistes da ke zaune a tuddai masu bisan da ya kai wajen mita 2,000, inda dare yake da sanyi ko a tsakiyar lokacin zafi. Masana na jami'ar Giraz ta ƙasar Ostiriya sun kwatanta ta da wata 'yar uwarta da ke zaune a ƙasashen bakin Bahar Rum, suka buga sakamakon a shekarar 2022. Sun samu cewa ta kan duwatsu tana kafa gidanta a fili, sau da yawa a jikin dutse, ta juya bakunan ɗakunan su dubi gabas maso kudu. Da rana ta ɓullo, haskenta yana faɗawa kai tsaye cikin ɗakunan, 'ya'yan su yi ɗumi tun iska ba ta yi ba, girmansu ya yi sauri. Ta bakin teku kuwa ba ta bukatar wannan. Ita wuraren da rana ba ta duka sosai take nema, domin abin da take tsoro shi ne gidan ya yi zafi fiye da kima.

A tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan, inda lokacin ɗumi gajere ne, an ga wata dabarar daban. Uwargidan wata irin rina ta can takan tsawaita ɗakunanta fiye da tsawon 'ya'yan da ke ciki, ta kuma gina wasu ɗakunan a gefe ta bar su wayam babu ƙwai. A ido wannan ɓarnar kaya ce. To amma iskar da ke kwance cikin waɗannan ɗakuna ita ke tare sanyi, kamar yadda jinka mai kauri ke yi wa ɗaki. Ta samu amfanin lulluɓi ba tare da ta gina lulluɓi ba.

Idan kuwa zafi ya yi yawa, rina tana da hanya biyu. Da farko ma'aikata sukan tsaya a kan gidan su riƙa kaɗa fukafukai suna yi masa fifita. In hakan bai wadatar ba, sai wasu su tafi ɗibar ruwa, su dawo su ɗiga shi a jikin takardar, a ci gaba da fifita. Yayin da ruwan yake bushewa yana tafiya da zafin. Wannan ita ce hikimar da ke sa randar ƙasa ta sanyaya ruwa, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa ne ya bar na ciki da sanyi.

A ƙasar Hausa, inda zafin bazara a watan Afrilu yakan kai digiri 40 har ya wuce, matsalar rina irin ta bakin Bahar Rum ce, sai dai ta fi tsanani. Don haka ba abin mamaki ba ne da ake samun gidanta a inuwa: ƙarƙashin jinka, da jikin azarar zaure, da kogon dutse, da cikin duhun ganyen itace. Haka kuma yawan ganinta da ake yi a bakin randa da gindin famfo da gefen rijiya yana da dalili, domin ruwan da take ɗiba na gini ne da na sanyaya ɗaki, ba na sha kaɗai ba.

5.0 Ruwan Sama da Iska

Takarda da ruwa ba sa ga maciji. Gidan da ya jiƙe yakan yi nauyi, ya yi laushi, ya yi funfuna, 'ya'yan da ke ciki kuma su yi sanyi. Rina tana kare kanta daga wannan ta hanyoyi da dama. Ta farko ita ce juya bakunan ɗakuna su dubi ƙasa ko gefe, ta yadda bayan faifan zai zama kamar laima. Ta biyu ita ce shafa yawu a bayan faifan da kuma mariƙin, har su yi duhu su yi sheƙi. Binciken da aka yi a Japan ya nuna cewa uwargidan da ta yi gini inda ruwa ke dukan gidan tana zuba masa yawu fiye da wadda ta samu mafaka. Idan aka tuna da tsadar yawu, za a gane cewa wadda ta samu rufi a kanta ta yi riba tun ba a je ko'ina ba. Hanya ta uku ita ce kwalfewa. Bayan an ɗauke ruwa, ma'aikata sukan bi jikin gidan suna tsotse ruwan da ya sha, su leƙa gefe su tofar da shi ɗigo-ɗigo.

A dazuzzukan Amurka ta Kudu, inda ruwa ke sauka kusan kowane wata, masu lulluɓi sun kai wannan kariya matuƙa. Wasu suna yin bango mai kauri da tauri kamar kwali, su rataye gidan can ƙololuwar itace ya shekara da shekaru. Wasu suna manna ɗakunan a jikin kututture, su rufe su da bango mai tudu da kwari kamar kwanon rufi. Akwai ma wadda ta bar takarda ta koma ginin laka. Da yawansu a ƙasa ko a gefe suke buɗe ƙofa, inda ruwa ba zai kwarara ciki ba.

Iska ma tana da nata hukunci, domin duk nauyin buɗaɗɗen gida a kan mariƙi ɗaya yake. Yayin da gidan yake girma, rina tana ƙara wa mariƙin kauri da takarda da yawu. A nan akwai kama tsakaninta da maginin Bahaushe. Hadarin damina a wannan yanki daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ne yake fara zaizayewa, shi ake fi kula da shi wajen yaɓe. Haka kuma soro mai shimfiɗaɗɗen rufi ya fi yawa a arewa inda ruwa bai da yawa, jinka mai tsini kuma tana ƙaruwa yayin da aka nausa kudu. Mutum yana ƙara kauri ko ya sauya rufi. Rina kuwa, da yake kayanta ba su da ƙarfin laka, lungun da iska da feshi ba sa kaiwa take nema.

6.0 Tsawon Lokacin Gini

Babu inda tasirin yanayi ya fi fitowa kamar a tsawon rayuwar gidan. A ƙasashe masu hunturun ƙanƙara, gidan rina na shekara guda ne. Idan sanyi ya gabato, tsohuwar uwargida da ma'aikata da maza duk sukan mutu. 'Yan matan da aka haifa a ƙarshe, waɗanda suka riga suka sadu da maza, su ne suke ɓuya a ƙarƙashin ɓawon itace ko cikin tsagar bango, su yi watanni ba motsi, suna rayuwa da kitsen jikinsu. Da ɗumi ya dawo sai kowace ta fito ta kafa sabon gida. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: wadda ba ta tara kitse ba ba za ta kai ga aza tubalin farko ba. A kan duwatsun Alfs dukkan lokacin aikin bai wuce wajen wata huɗu ba, don haka gidan ƙarami ne, ma'aikatansa kuma 'yan kaɗan.

A Afirka ana iya ganin bambancin a cikin jinsi guda. A birnin Yawunde na ƙasar Kamaru, inda ruwan shekara yake kai wajen milimita 1,500 kuma yake sauka a damina biyu, an bi rayuwar wata irin Belonogaster da ke gini a jikin gidajen mutane. An samu cewa tana kafa sababbin gidaje a kowane lokaci na shekara, gidan da ya yi nasara kuma yakan yi wajen wata bakwai kafin a watse. Sau da yawa mata da dama ne suke haɗuwa su kafa gida ɗaya, irin wannan kuwa ya fi na mace guda tsira. Amma a tuddan Afirka ta Kudu, inda ake sanyi mai tsanani daga Yuni zuwa Agusta, wata irin Belonogaster tana bin tsarin 'yan uwanta na Turai: gida na shekara guda, sa'an nan matan su taru a cikin kogunan duwatsu su jira wucewar sanyi.

Sanyi ba shi kaɗai ne ke tsayar da gini ba. Rani ma yana yi. A arewa maso yammacin ƙasar Kosta Rika, a Amurka ta Tsakiya, akwai daji mai doguwar rani inda itatuwa ke kaɗe ganye, tsutsa ta ɓace. A shekarar 1999 masana sun bayar da labarin yadda rinar wannan kwari take barin gidajenta idan rani ya shiga, ta hau duwatsu masu sanyi, ta taru a cikin ramuka da tsagogi ta kwanta. Sanyin tudun yana rage mata ƙona kitse. Da damina ta kusa sai ta sauko ta fara gini. Wannan cin rani ne sosai, sai dai maimakon neman aiki, hutu ake zuwa yi.

Ƙasar Hausa tana cikin irin wannan yanki mai damina guda. A Kano ruwan shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. A Agadas bai kai milimita 200 ba. Tsutsar ganye, wadda ita ce abincin 'ya'yan rina, damina da kaka ne lokacinta. Idan hunturu ya shiga, ciyawa ta bushe, tafkuna suka janye, abinci da ruwan gini duk sukan yi ƙaranci a lokaci guda. A nan ne shimfiɗar ƙasa take yin aikinta, domin fadama da bakin kogi da lambunan noman rani suna riƙe da ɗanyen ganye da ruwa bayan tudu ya bushe ƙayau.

Akasin wannan kuma ya faru a ƙasar Niyu Zilan. A shekarun 1940 wata rinar Turai mai lulluɓi ta shiga ƙasar cikin kaya. A ƙasarta ta asali sanyi yana kashe gidan kowace shekara, girmansa kuma bai cika wuce na ƙwallon ƙafa ba. Da ta tarar da hunturu mai sauƙi, sai wasu gidajen suka riƙa ƙetare shi suna ci gaba da girma, har a shekarar 1963 aka samu wani da tsawonsa ya haura mita 3. Ƙwaron bai sauya ba, yanayin ne ya cire masa takunkumi.

7.0 Abokan Gaba

Yanayi yana kuma taɓa ginin ta bayan gida, watau ta hanyar abokan gaban da yake rayawa. Gidan rina rumbu ne cike da 'ya'ya masu taushi waɗanda ba sa iya gudu, babban mai kwaɗayinsu kuwa shi ne dangin tururuwa. Wani masani Ba'amurke mai suna Robert Jeanne ya gwada wannan ta hanyar ajiye 'ya'yan rina ba mai gadi a wurare biyar, tun daga arewacin Amurka har zuwa dajin Amazon. Sakamakon da ya buga a shekarar 1979 ya nuna cewa yayin da aka matsa kusa da tsakiyar duniya, inda zafi da laima suka fi yawa, tururuwa tana saurin gano su ta kwashe.

Siririn mariƙin nan amsa ce ga wannan barazana. Tun da tururuwa ba ta tashi sama, hanya ɗaya tak take da ita zuwa gidan. Tun a shekarar 1970 Jeanne ya nuna, a kan wata rina ta ƙasar Burazil, cewa uwargida tana goga ƙarshen cikinta a jikin mariƙin, tana shafa masa wani mai da tururuwa ba ta son taka shi. Daga baya an tabbatar da irin wannan ɗabi'a a jinsin Polistes da na Belonogaster. Da wannan ne mace guda take iya barin 'ya'yanta ta tafi farauta.

To amma wannan kariya ta 'yan leƙen asiri ce. Idan rundunar kwarkwasa ko makamanciyarta ta dajin Amurka ta taso, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, babu abin da rina za ta yi sai ta tashi ta bar gidan. Jinsunan da suka fi yawa a irin waɗannan dazuzzuka sun bi wata hanya: ba mace guda ke kafa gida ba, ayari ne guda na ma'aikata masu yawa tare da iyayen gida yake tashi, su gina ɗakuna da lulluɓi cikin 'yan kwanaki, su sa masu gadi a ƙofa. Idan an ci gidan, ayarin yana nan, sai a sake wani. A dazuzzukan tsakiyar Afirka ma akwai jinsin da ke bin wannan tsari. Abin sha'awa shi ne, lulluɓin da ke tare tururuwa da ruwa a ƙasar zafi, shi ne ke tsare ɗumi ga masu lulluɓin ƙasashen sanyi.

8.0 Hannun Ɗan Adam

Mutum ya sauya fuskar ƙasa, rina kuwa ta bi shi. Rufin ɗaki da bututun ƙarfe da ƙasan gada duk sun zama kogunan zamani. Jiragen ruwa kuma sun ɗauke ta sun ƙetare da ita teku. Wata irin Polistes ta Turai, wadda ta ƙware wajen gini a jikin gidaje, ta bayyana a gabashin Amurka wajen ƙarshen shekarun 1970, ta kuma bayyana a Afirka ta Kudu a shekarar 2008. Ɗumamar duniya ma tana tsawaita lokacin gini a ƙasashen sanyi, tana kuma ƙara nauyin fifita da ɗibar ruwa a ƙasashen zafi.

Wannan magana ta shafi manomi kai tsaye. Rina mafarauciyar tsutsa ce, gida guda kuma yana cin tsutsa mai yawa kafin a watse. A shekarun 1950 da 1960 an gwada kafa 'yan akwatunan katako a gefen gonakin taba a Amurka domin rina ta samu wurin gini, aka kuwa ga raguwar tsutsar da ke cin ganyen. A shekarar 2019 wani gwaji da aka yi a Burazil ya nuna cewa rina tana rage tsutsar nan mai cinye masara, har tana zaƙulo ta daga cikin kunnen shuka. Wannan tsutsa ita ce ta ɓulla a Afirka ta Yamma a shekarar 2016 ta addabi manoma. Har tsuntsaye suna cin moriyarta: a arewacin Gana an samu cewa wani ɗan tsuntsu mai shuɗin ƙirji da jan kunci ya fi samun nasarar fitar da 'ya'yansa idan ya yi sheƙa kusa da gidan rina.

Ba a cewa a bar gidan rina a ƙofar ɗakin yara, domin harbinta yana da zafi, ga wasu mutanen ma yana da haɗari ga rai. Amma wanda ke can gefen gona, a jikin itace ko rumfar da ba a zama, ba shi da laifin da za a ƙone shi. Sare itatuwan gona da ƙona daji da feshin magani barkatai suna raba rina da inuwa da kayan gini da abinci gaba ɗaya, tsutsa kuma ta samu fili.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa rina ba ta da wuta, ba ta da bargo, ba ta da katanga mai ƙarfi, amma ta zauna daga kan duwatsun Turai har zuwa bakin hamada. Ta yi haka ne ta hanyar daidaita gininta da wurin da ta samu kanta: ta fuskanci rana inda ake sanyi, ta guje mata inda ake zafi, ta ƙara yawu inda ruwa ke duka, ta taƙaita zama inda damina gajera ce, ta shafa mai ko ta yi lulluɓi inda tururuwa ta yi yawa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ɗalibin da ya koma gida hutu yana iya gwada wannan da idonsa, daga nesa: ya duba inda gidan rina yake a garinsu, da inda ya fuskanta, da nisansa da ruwa, da watan da aka fara shi da wanda aka bar shi, sa'an nan ya tambayi dattawa sunayen da suke kiran kowace iri da karin maganar da suka sani a kanta. Irin wannan tattarawa za ta amfani mai nazarin harshe da mai nazarin ƙwari baki ɗaya.